Sileji daga ragowar kayan lambu: a bar shi ya yi tsami da kansa, a zuba masa bakteriya, ko a sa asid?

Masana'antar da ke sarrafa kayan lambu ba ta rabuwa da tarin ragowa. Inda ake matse tumatir ana barin ɓawo da 'ya'ya, inda ake gyaran kabeji da burokoli ana yar da ganyen waje da kara, inda ake fere karas da dankalin turawa ɓawo na taruwa, masu cusa masara mai zaƙi a gwangwani kuma suna barin ɓawo da totuwa. Duk wannan abinci ne ga shanu da tumaki da awaki, wani ma ya fi ciyawa gina jiki. Matsalarsa ita ce yana zuwa lokaci guda, da yawa, a jiƙe sharkaf, kuma kafin a ankara ya fara wari. Hanyar adana shi mafi sauƙi ita ce a mayar da shi sileji: a danne, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar bakteriyar laktik su cinye sukarin da ke ciki su mayar da shi asid, tsamin ya hana ruɓa.

Tambayar da mai kiwo ke fuskanta ita ce wa zai yi wannan aikin tsamarwa. Akwai bakteriyar da ke jikin kayan tun daga gona. Akwai garin bakteriya na sayarwa, shi ma iri biyu ne masu aiki daban. Akwai molasis, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Akwai kuma asid da ake zubawa kai tsaye. Kowanne yana da inda ya fi dacewa. Amma kafin a kwatanta su sai an yi maganar ruwa, domin shi ke yanke hukunci kafin kowa ya buɗe baki.

Sileji yana son busasshen sashe, wato abin da ke saura idan an cire ruwa, ya kai kashi 30 zuwa 35 cikin 100 na nauyinsa. Ganyen kabeji da ragowar burokoli galibi ba sa wuce kashi 10 zuwa 15. Ma'ana, a tan ɗaya na kayan da ke da kashi 12, kilo 880 ruwa ne zalla. Idan aka danne irin wannan, ruwa zai yi ta tsiyaya daga ƙasan rami, kuma ba ruwa kaɗai ke fita ba, yana tafiya da sukarin da bakteriyar laktik za su ci, da ma'adinai da wani ɓangare na furotin. Wannan ruwan idan ya gangara rafi yana kashe kifi, saboda yana shanye iskar da ke cikin ruwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne bakteriyar Clostridium, masu son jiƙa. Su ne ke juya sukari da asid ɗin laktik zuwa asid ɗin butirik mai ɗoyi, su farfasa furotin ya zama amoniya. Iya jiƙar kaya, iya tsamin da ake buƙata kafin a hana waɗannan bakteriya aiki. Silejin da ke da kashi 35 na busasshen sashe zai zauna lafiya a pH 4.6 ko kusa da haka, amma mai kashi 20 sai ya sauka zuwa wajen 4.2 (pH ma'aunin tsami ne, iya ƙanƙantar lambar, iya ƙarfin tsamin). Wato kayan da suka fi rashin sukari bayan tsiyaya su ne kuma ake nema su fi yin tsami.

Don haka matakin farko ba zaɓi ba ne, dole ne: a haɗa da busasshen abu mai shan ruwa. Lissafin ba shi da wuya. Idan ragowar tana da kashi 12, dusa kuma tana da kashi 88, ana buƙatar kimanin kilo 24 na dusa a kan kilo 76 na ragowa kafin haɗin ya kai kashi 30. Dusar alkama ko ta masara ko ta shinkafa tana ƙara ƙarfin abincin. Yankakken bambaro yana shan ruwa sosai amma yana rage darajar abincin, kuma yana riƙe iska a tsakaninsa idan ba a yanka shi ƙanana an danne da kyau ba. Shanya ganye na wasu awanni tana taimakawa idan akwai rana da fili, sai dai ɓawon karas ko na dankali ba ya shanyuwa yadda ciyawa ke yi. Matsewa da inji kuwa tana fitar da ruwa tare da sukari. Wanda ya sayi garin bakteriya mafi tsada ya zuba a kan ganye mai kashi 10 bai haɗa da komai ba, ya yi asarar kuɗinsa da ganyensa.

To, a ce an gyara maganar ruwa. Hanya ta farko ita ce a bar kayan su yi tsami da bakteriyar jikinsu. Ba a kashe ko sisi, kuma sau da yawa tana aiki. A ɗanyen ganyen kabeji, misali, bakteriyar laktik da ake kira Leuconostoc da Weissella ne ke fara aiki, idan tsami ya ɗan hau sai su ja baya, Lactobacillus plantarum da Pediococcus su karɓa su kai pH ƙasa. Rauninta shi ne ba a san yawan bakteriyar da aka fara da su ba. A wani kayan ba su kai ɗari a giram ɗaya ba, a wani sun haura miliyan, kuma ido ba ya bambancewa.

A nan ne ragowar masana'anta ta sha bamban da ciyawar gona, kuma wannan ne wurin da nake ganin an fi yin sakaci. Ruwa ba ya tsami banza, sai da masu tsamar da shi, kuma masana'anta tana iya kashe su kafin kayan su iso hannunka. Ana wanke kayan lambu da ruwa mai kulorin. Ana tsoma wake da burokoli da masara a ruwan zafi ko tururi kafin a daskarar. Ana dafa markaɗen tumatir a zafin da ya haura digiri 85 kafin a tace. Ana fere dankali da tururi mai ƙarfi. Zafi yana kashe bakteriyar laktik, amma Clostridium da Bacillus suna da ƙwayar da ke jure zafi, su kwanta su jira. Kayan da suka bi ta wuta sun iso ne babu masu gadi, ɓarayi kuma suna ciki. Wasu masana'antun ma da ruwan soda mai ƙuna suke fere dankali ko tumatir, sai ɓawon ya fito da pH mai tsawo, a sha wahala kafin ya sauko. Ga kuma ƙasar da ke manne da ɓawon duk abin da aka tono, ita ce babbar hanyar shigowar Clostridium da Listeria, wata bakteriya mai sa dabba ciwo. Saboda haka tambaya ɗaya ga masana'antar, wato me aka yi wa kayan kafin a zubar, ta fi karanta takardun talla goma amfani. Idan ɗanye ne, sabo, mai zaƙi, babu ƙasa, a bar shi da bakteriyar jikinsa ba ganganci ba ne. Idan ya sha zafi ko kulorin, ko ya kwana a tsibi yana ɗumi, zuba bakteriya ya zama wajibi.

Hanya ta biyu ita ce bakteriyar da ke fitar da asid ɗin laktik kusan zalla. Sunayen da za ka gani a jikin leda su ne Lactobacillus plantarum, Pediococcus pentosaceus, Pediococcus acidilactici, Enterococcus faecium, wani lokaci da Lactococcus lactis. A shekarar 2020 masana sun rarraba dangin Lactobacillus gida 25, shi ya sa sababbin ledoji ke rubuta Lactiplantibacillus plantarum. Ƙwayar ɗaya ce, suna ne ya canja. Waɗannan suna juya kowace ƙwayar gulukos zuwa ƙwaya biyu ta asid ɗin laktik, ba tare da asarar komai a iska ba. Asid ɗin laktik kuma ya fi asid ɗin asetik ƙarfi kusan sau goma, don haka pH yana faɗuwa da sauri cikin 'yan kwanakin farko, lokacin da ake tsere tsakanin masu gyara da masu ɓatawa. Ana haɗa Pediococcus ko Enterococcus da plantarum ne saboda su suna saurin tashi tun pH yana sama, shi kuma ya fi su juriya idan tsami ya yi ƙarfi. Mafi ƙarancin adadin da ake so shi ne ƙwaya mai rai 100,000 a kowane giram na ɗanyen kaya, wasu ƙasashen Turai ma suna zuba miliyan ɗaya.

Wannan rukunin shi ne abokin ganye mai jiƙa da yawan furotin: burokoli, kabeji, farin kabeji, ɓawon koren wake da ganyensa. Furotin da ma'adinai suna turjewa saukar pH, sai an tara asid mai yawa kafin tsami ya kama, ga shi sukarin ba shi da yawa. A irin wannan hali ba a son a ɓata ko ƙwayar sukari ɗaya, kuma waɗannan ne ba sa ɓatawa. Cikin mako uku aiki ya kammala, furotin ya tsira, amoniya ba ta haura kashi 10 cikin 100 na naitirojin ɗin da ke ciki ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin wata rana za a buɗe ramin. Asid ɗin laktik ba ya hana yis da fumfuna. Akwai ma yis ɗin da shi ne abincinsu. Da zarar iska ta shiga sai su fara cinye shi, pH ya hau, sileji ya ɗau zafi, fumfuna ta biyo baya. Abin mamaki, silejin da ya fi kyau a rufe shi ne sau da yawa ya fi saurin lalacewa a buɗe, saboda ya bar ragowar sukari kuma ba shi da asid ɗin asetik da zai kare shi. Masu bincike suna auna wannan da yawan awannin da sileji zai yi a iska kafin zafinsa ya haura na wurin da digiri 2.

Wannan matsalar ce ta kawo hanya ta uku, Lactobacillus buchneri, wanda aka fara amfani da shi a sileji a ƙarshen shekarun 1990, sabon sunansa Lentilactobacillus buchneri. Shi ba mai sauri ba ne. Yana jira sai sauran sun tara asid ɗin laktik, sannan a hankali ya juya wani ɓangare zuwa asid ɗin asetik, wanda ke danne yis da fumfuna. Farashin wannan kariya abu uku ne. Ana asarar ɗan abinci a matsayin iskar kabon. pH yana ɗan hawa sama da na masu fitar da laktik zalla. Sannan yana buƙatar lokaci: sai sileji ya yi kwana 45 zuwa 60 a rufe kafin a ga amfaninsa sosai. Wanda zai buɗe rami bayan mako biyu ko uku ya biya kuɗin aikin da ba a yi ba. Adadin da ake zubawa ma ya fi yawa, galibi ƙwaya 400,000 a giram.

Inda buchneri ke haskawa shi ne kaya mai yawan sukari ko wanda tun asali yana da tsami. Ragowar karas tana da zaƙi sosai, saukar pH ba matsala ba ce gare ta. Matsalarta yis ne, wanda ke juya sukarin zuwa barasa a rufe, ya kuma ɗumama silejin a buɗe. Ragowar masara mai zaƙi haka take. Ragowar tumatir tana isowa da pH ɗinta ƙasa-ƙasa, busasshen sashenta ya fi na ganye, tana da furotin da mai saboda 'ya'yan, Clostridium ba ya cika damunta, amma fumfuna tana hawa kanta da wuri. Ga waɗannan, ƙara asid ɗin laktik ba shi ne abin da ake nema ba. Haka kuma duk inda ake zafi, ko fuskar ramin ta yi wa garken faɗi har ba a iya yanke santimita 15 zuwa 30 a kullum, buchneri ya fi cancanta. Inda ba na ba da shawararsa shi kaɗai shi ne ganye mai jiƙa da ƙarancin sukari. Jiƙaƙƙen sileji dama yana fitar da asid ɗin asetik da yawa, a ƙara masa mai rage laktik, an ba Clostridium dama.

Kamfanoni da yawa yanzu suna haɗa rukunin biyu a leda ɗaya, mai sauri ya sauke pH, buchneri ya zo daga baya. Ga wanda ke karɓar ragowa gauraye, yau karas gobe kabeji, wannan ne zaɓin da ya fi kwanciyar hankali. Sai dai a duba adadin kowanne a jikin ledar, domin wani haɗin buchneri ɗin da ke ciki bai kai ya yi komai ba. A duba kuma ko an rubuta lambar nau'in bayan sunan, saboda plantarum biyu suna iya bambanta ƙwarai a aiki, kuma ledar da ba ta faɗi adadin ƙwaya mai rai ba ba ta cancanci a saye ta ba.

Akwai wata 'yar hanya ta tsakiya da masu bincike a Japan suka gwada a shekarun 1990. Ana markaɗa ɗanyen ganye da ruwa, a tace, a zuba sukari kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ruwan ya yi tsami, sannan a yayyafa. Ana ninka bakteriyar jikin ganyen ne kawai. Ta fi barin kaya haka nan, musamman wanda ya sha zafi, amma ba ka san wane nau'i ka ninka ba, kuma sakamakon yau ba lallai ya zama na gobe ba.

Molasis ba kishiyar bakteriya ba ne, abincinsu ne. Ana so sukarin da ke narkewa a ruwa ya kai wajen kashi 3 cikin 100 na ɗanyen nauyi. Idan bai kai ba, ko wace bakteriya aka zuba za ta tsaya a hanya, pH ya maƙale a sama da 4.5, bayan makonni Clostridium ya farka. Kilo 30 zuwa 50 a tan ɗaya shi ne abin da aka saba. Ɓawon dankali misali ne mai kyau a nan: cike yake da sitaci, amma yawancin bakteriyar laktik ba sa iya cin sitaci, don haka kayan da ke da ƙarfi ga dabba yana iya zama maras abinci ga bakteriya. Shi da ɓawon wake da ganyen da ya tsiyaye suna amfana da molasis. Karas da masara mai zaƙi kuwa a ƙyale su, ƙara musu sukari kiwon yis ne.

Saura asid. Tsohuwar dabara ce. Artturi Virtanen, masanin kimiyya ɗan ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro hanyar adana ciyawa ta zuba mata asid mai ƙarfi, aka kuma ba shi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1945. A yau asid ɗin fomik ake amfani da shi, lita 3 zuwa 6 a tan, kuma har yanzu ƙasashen arewacin Turai, inda shanya ciyawa ke da wuya, suna dogara da shi. Fifikonsa a bayyane yake: ba ya jiran sukari, ba ya jiran bakteriya, pH yana sauka nan take, furotin ya tsira. Ga ganye mai jiƙa da ba a sami abin haɗa shi da shi ba, ko mai ƙasa a jiki, ya fi kowace bakteriya tabbas. Amma yana ƙona fata da ido, yana cin ƙarfe, yana da tsada, kuma yana ƙara tsiyayar ruwa a kwanakin farko saboda yana fasa jikin ganyen. Yis ma yana jure masa, shi ya sa ake haɗa shi da asid ɗin furofiyonik idan ana tsoron ɗumama. Akwai nau'in da aka sassauta da amoniya, ya fi sauƙin riƙewa amma sai an ƙara yawa. A ganina wannan hanya ta babbar gona ce mai injin fesawa da kayan kariya. Mai durom goma da shebur ya fi samun riba a buhun dusa da ledar bakteriya. Kuma ba a haɗa asid da garin bakteriya a tanki ɗaya, asid ɗin zai kashe su.

Garin bakteriya abu ne mai rai, wannan ma ana mantawa. Zafi yana kashe shi a ajiya, ruwan famfo mai kulorin ko ruwan zafi yana kashe shi a bokiti, kuma bayan an dama shi ana so a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ya tafiya da ƙafarsa a cikin rami, inda ya faɗa nan zai yi aiki, don haka a fesa shi shimfiɗa bayan shimfiɗa ana cakuɗawa da dusar. Sau da yawa idan aka ce garin bai yi aiki ba, matacce aka zuba, ko kuma an bar kayan a buɗe kwana biyu kafin a rufe.

Akwai abubuwan da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke gyarawa gaba ɗaya. Dangin kabeji suna ɗauke da sinadaran da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini da taɓa aikin maƙoƙo idan dabba ta ci da yawa. Tsamarwa tana rage su amma ba ta kawar da su, don haka silejinsu ɓangare ne na abinci, ba dukansa ba. Albasa ma tana jawo ƙarancin jini, shanu sun fi tumaki saurin kamuwa. Dankalin da ya yi kore ko ya tsiro yana da gubar solanin, a tsince shi tun kafin a zuba. Naitiret ɗin da ke taruwa a ganyen da ya sha taki yana raguwa a sileji, sai dai yana fita ne a matsayin iska mai guba, ja-ja ko ruwan ɗorawa, a kwanakin farko. Kada kowa ya shiga rufaffen rumbu a lokacin. Ragowar maganin ƙwari da gutsuren leda da igiya kuwa, sai dai a tambaya a kuma tsince.

Kafin a zuba tan ashirin a kan zaɓi ɗaya, gwajin bokiti yana da arha. A cika bokitai masu murfi da haɗi iri ɗaya na ragowa da dusa, ɗaya babu komai, ɗaya da masu fitar da laktik zalla, ɗaya da haɗin da ke da buchneri, a danne a rufe. Bayan wata biyu a buɗe, a auna pH da takardar awo, a shaƙa. Ƙanshi mai ɗan tsami alama ce ta laktik. Tsami mai hawa hanci asetik ne, ba laifi ba ne idan bai yi yawa ba. Warin barasa yana nuna yis ya ci sukarin. Ɗoyi mai manne wa hannu da yauƙi kuwa butirik ne, kuma irin wannan ba a ba saniyar da ke dab da haihuwa ko wadda ta haihu kwanan nan, domin yana jefa ta cikin ciwon ketosis, mai sa saniya ƙin abinci da raguwar nono, ƙwayar Clostridium ɗin kuma tana iya kaiwa ga madara ta ɓata cuku. Daga nan a zuba kowanne a buɗe a inuwa, a riƙa sa hannu ko ma'aunin zafi safe da yamma, a ga wanne ya fara ɗumi da kuma bayan kwana nawa. Idan wanda ba a zuba wa komai ba ya kai pH 4.2 ko ƙasa kuma ya daɗe bai ɗau zafi ba kamar sauran, wannan ragowar ba ta buƙatar a saya mata komai, muddin masana'antar ba ta canja yadda take sarrafa ta ba.